Yadda Ake Gano Ɓoyayyen Ciwon Hantsa ta Hanyar Ƙidayar Ƙwayoyin Jiki a Madarar Shanu

Saniya tana iya cin abincinta lafiya lau, hantsarta ba kumburi ba zafi, madararta fara tas, alhali ciwo ya daɗe da kama wani sashe na hantsar. Wannan ɓoyayyen ciwo ya fi wanda ido ke gani yawa nesa ba kusa ba, kuma shi ne ke cin mai garke a hankali. Madara tana raguwa, wadda aka samu ba ta jimawa take lalacewa, ciwon kuma yana bin hannun mai tatsa daga wannan saniya zuwa waccan.

Abin da ke tona masa asiri shi ne ƙwayoyin jiki da ke fitowa tare da madara. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga ta ƙofar kan nono, jikin saniya yakan turo fararen ƙwayoyin jini su yaƙe su, su kuma sai su biyo madara su fito. Ana ƙidaya su ne a kowace mililita. Sashen hantsa mai lafiya yawanci ba ya kai 100,000. Idan madarar saniya ta haura 200,000, akwai kyakkyawan zaton ciwo ya shiga, a ciwo mai tsanani kuwa adadin yakan kai miliyoyi. Tarayyar Turai ba ta yarda madarar da ake tarawa daga garke ta wuce 400,000 ba, dokar tarayya a Amurka kuma ta tsaya a 750,000.

Abubuwa biyu ka riƙe kafin mu shiga aiki. Na farko, hantsa sassa huɗu ce, kowane sashe da kan nononsa, kuma madarar wannan ba ta ratsawa zuwa wancan, don haka sashe ɗaya kan kamu ukun suna lafiya. Na biyu, ƙidayar ƙwayoyin jiki daban take da ƙidayar ƙwayoyin cuta da masu sayen madara ke yi. Waccan tana nuna tsabtar bokiti da saurin sanyaya madara. Wannan kuwa daga cikin saniya take fitowa, ko ka wanke bokiti sau goma ka sa madarar a firij nan take, adadin ba zai ragu ba.

KAYAN AIKI

- Farantin gwaji na roba mai gurbi huɗu da mariƙi, wanda ake gwajin Kalifoniya da shi, wato CMT
- Ruwan gwajin CMT, mai launin shunayya
- Kofi mai baƙin gindi na duba madarar farko
- Safar hannu ta roba
- Tawul na takarda, ko ƙananan ƙyallaye masu tsabta, kowace saniya da nata
- Maganin tsoma kan nono, na aidin ko kulohezidin, da kofin tsomawa
- Auduga da sipirit mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari
- Ƙananan kwalaben samfur masu murfi, da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa
- Kula da ƙanƙara
- Ma'aunin zafin jiki
- Littafi da biro

Idan babu faranti, ƙananan murafai huɗu masu faɗi iri ɗaya, a jere su a kan katako a manne, za su yi aikin. Idan ruwan gwajin ne babu, a narkar da giram 30 na garin sabulun wanki a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a juya a hankali kada ya yi kumfa. Masana a Pakistan sun gwada wannan hanya kuma tana kama ciwo. Sai dai sabulai sun bambanta, kuma ruwan ba shi da launi, don haka a yi amfani da mazubi mai duhun gindi, a kuma ɗauki sakamakon a matsayin "akwai" ko "babu" kawai. Kada ka yi ƙoƙarin ba shi maki.

1. KA BA KOWACE SANIYA LAMBA, KA BUƊE LITTAFI

Kowace saniya ta samu shafinta: lambar kunne ko sunanta, haihuwa ta nawa, ranar da ta haihu. A ƙasa ka ja layuka huɗu na sassan hantsa: gaban dama, bayan dama, gaban hagu, bayan hagu. Dama da hagu na saniyar ake nufi, kamar kana tsaye a bayanta kana kallon inda take kallo. Ka tsayar da wannan tun ranar farko, duk mai taya ka aiki ya san shi, domin rikicewar dama da hagu ce ke sa a ɗura magani a lafiyayyen sashe a bar mai ciwo.

2. KA ZAƁI LOKACI, KA TSAYA A KANSA

Ana gwaji ne dab da fara tatsa. Madarar ƙarshen tatsa ta fi yawan ƙwayoyi, haka ma wadda aka matso 'yan sa'o'i bayan an gama, don haka idan wannan wata ka gwada kafin tatsar safe, wata mai zuwa kuma bayan tatsar yamma, lambobin ba za su kwatantu ba. Sau ɗaya a wata ya isa ga dukan garke.

Kada ka gwada saniyar da ta haihu jiya. Dakashi cike yake da ƙwayoyin jiki ko da hantsa lafiyarta ƙalau, sai a jira kwana huɗu zuwa biyar. Saniyar da madararta ta kusa ƙarewa ita ma adadinta yakan ɗan tashi. Akwai kuma waɗanda ba a jira musu ƙarshen wata: sabuwar saniya da aka sayo, kafin ta shiga layin tatsa, wadda madararta ta ragu haka kawai, da wadda za a sa hutun tatsa kafin haihuwa.

3. IDO DA HANNU TUKUNA

Sa safar hannu. Goge kan nonon ya bushe, sannan ka matso zubi biyu ko uku daga kowanne a cikin kofi mai baƙin gindi. A kan baƙi, gudaji komai ƙanƙantarsa yana fitowa fili: wani kamar ɗan zare, wani ɗan dunƙule fari da ke maƙalewa idan ka karkata kofin. Madarar da ta tsinke ta zama ruwa-ruwa, ko ta yi rawaya, ko ta zo da jini, duk alamun ciwo ne da ya riga ya bayyana. Shafa hantsar da tafin hannu, ka ji ko wani sashe ya fi 'yan'uwansa zafi ko tauri, ko saniyar tana ɗaga ƙafa idan ka taɓa wurin. Bayan an gama tatsa ka sake shafawa, lokacin da hantsa ta saki, domin a nan ne ake jin ƙulli mai tauri da tsohon ciwo ya bari a ciki.

Kada a matsa wannan madarar farko a ƙasa inda shanu ke kwanciya, kada kuma a matsa ta a tafin hannu.

Idan ka tarar da sashe ya kumbura sosai, abin da ke fitowa ruwa ne mai rawaya, saniyar ta ƙi abinci, zafin jikinta ya haura digiri 39.5 ko ta kwanta ta kasa tashi, to ajiye faranti ka kira likitan dabbobi a take. Irin wannan yana kashe saniya cikin kwana ɗaya ko biyu.

4. GWAJIN FARANTI

Wasu masana biyu, Schalm da Noorlander, suka fito da wannan gwaji a Kalifoniya a 1957, kuma har yau babu wanda ya kai shi sauƙi a gefen saniya. Sabulun da ke cikin ruwan gwajin yana fasa ƙwayoyin jiki, abin da ke cikinsu ya fito ya yi yauƙi. Gwargwadon yawan ƙwayoyin, gwargwadon kaurin yauƙin.

Riƙe farantin a ƙarƙashin hantsa, mariƙinsa yana fuskantar wuri ɗaya a kowace saniya. Ni nakan sa shi ya kalli kan saniyar kullum, ta yadda gurbi biyu na kusa da mariƙi su ne nonuwan gaba. Matsa madarar kowane nono a gurbinsa, ka kula kada ta fantsama cikin na kusa. Sannan karkata farantin har ya kusa miƙewa tsaye, rarar ta zube, abin da ya rage a kowane gurbi ya zama kamar mililita biyu, wato ƙasa da rabin ƙaramin cokali. Yawancin farantai suna da layi a gindin gurbi da ke nuna wannan ma'auni.

Zuba ruwan gwaji daidai da yawan madarar. Nan ne sabon hannu ya fi yin kuskure. Idan ruwan ya yi kaɗan ba zai fasa ƙwayoyin duka ba, sai mai ciwo ta fito kamar lafiyayya. Idan ka ɗan zarce ba laifi sosai, amma kada ka cika gurbin. A zuba shi a hankali, domin kumfa tana rufe abin da kake son gani. Idan ruwan mai kauri ne da ake sirkawa, bi ma'aunin da ke jikin kwalbar, ka sirka da ruwa mai tsabta wanda ba shi da gishiri-gishiri.

Juya farantin a kwance, a hankali, kamar daƙiƙa goma, idonka a kan gurabun. Ka karanta kafin daƙiƙa ashirin su cika. Yauƙin mai rauni yakan narke ya ɓace idan aka ci gaba da juyawa, wanda ya tsaya hira ya dawo zai ga ruwa salin alin ya rubuta "babu". A yi shi a wuri mai haske. Idan da asuba kake tatsa, a samu wanda zai haska maka fitila daga gefe. Ka ɗauraye farantin da ruwa, ka yarfe shi, kafin saniya ta gaba.

5. KARANTA ABIN DA KA GANI

Maki biyar ne.

Babu: haɗin ya tsaya ruwa, yana gudu a gindin gurbi ba tare da ya bar komai ba. Adadin yana ƙasa da 200,000.

Alama: wani ɗan kauri da ba a ganinsa sai an karkata farantin an ga haɗin yana ɗan jan ƙafa a gindi, kuma nan da nan ya ɓace. Tsakanin 150,000 da 500,000.

Maki 1: kaurin ya fito sarai, bai ɓace ba, amma bai dunƙule ba. Tsakanin 400,000 da miliyan ɗaya da rabi.

Maki 2: nan take ya yi yauƙi, yana taruwa a tsakiyar gurbi idan kana juyawa, ya baje idan ka tsaya. Idan ka zubar, yana fita da jela. Tsakanin 800,000 da miliyan biyar.

Maki 3: ya dunƙule kamar ɗanyen farin ƙwai, tsakiyarsa ya tashi, ya manne a gindin gurbin, ko ka kifar da farantin sai ya faɗo a dunƙule ɗaya. Sama da miliyan biyar.

Ka lura iyakokin suna shiga juna. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to kima ɗin kawai wannan gwaji ke bayarwa. Maki 2 da 3 kowa zai gane su ranar farko. Wahalar tana tsakanin "babu" da "alama", kuma dabarar ita ce ka daina kallon gurbi ɗaya shi kaɗai, ka kwatanta huɗun. Idan duka huɗun sun nuna alama iri ɗaya a saniyar da ta kusa daina ba da madara, yawanci ba ciwo ba ne. Idan uku ruwa ne, ɗaya yana jan ƙafa, wannan ɗayan abin zargi ne ko da kaurin bai taka kara ya karya ba. Launi ma yana taimakawa: gurbin da shunayyarsa ta fi ta sauran duhu yana nuna madarar ta canza, kuma hakan yakan zo tare da ciwo.

Mutum ɗaya ya riƙa karantawa kowane wata in da hali. "Alama" ta wani ita ce "maki 1" na wani. Rubuta sakamakon a wurin, kafin ka matsa gaba.

6. ƘIDAYA TA ƊAKIN GWAJE-GWAJE

Faranti ba ya iya bambance 60,000 da 180,000. Idan kana son ainihin lamba, sai ɗakin gwaje-gwaje, inda na'ura ke ƙidaya ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ko kuma ƙaramar na'urar ƙidaya da ake ajiyewa a gona. Samfurin da ake kaiwa na dukan tatsar saniyar ne: a tatse ta tas, a juya madarar sosai, sannan a ɗiba. Juyawar ba wasa ba ce, domin ƙwayoyin jiki suna bin maiƙo su taso sama, wanda ya ɗebi saman madarar da ta zauna zai samu lamba mai ban tsoro da ba gaskiya ba. A rubuta lambar saniya a jikin kwalba, ba a murfi ba, a sa a kula. Kada a daskarar da samfurin ƙidaya. Idan tafiyar za ta ɗauki kwanaki, ka nemi ɗakin gwajin su ba ka kwalabe masu ƙwayar maganin adana madara a ciki.

Wannan samfur yana da makanta guda, kuma ya kamata ka san ta. A ce sashe ɗaya yana da 600,000, sauran ukun 50,000 kowanne. Idan suka haɗu, lambar saniyar za ta fito 187,500, ƙasa da 200,000, takarda ta ce lafiyarta lau. Shi ya sa duk saniyar da ta saba zama a 50,000 ta tashi zuwa 150,000 nake bin ta da faranti, ko da ba ta taɓa iyaka ba. Na'ura tana nuna wace saniya, faranti yana nuna wane nono.

Idan babu ɗakin gwaji kusa, faranti kowane wata da littafi mai kyau za su kai ka nesa.

7. WA KE ƁATA MADARAR GARKE?

Idan mai sayen madara ya ce adadinka ya hau, kada ka ɗauka duk shanun ne. Ninka litar kowace saniya da adadin ƙwayoyinta, ka ga rabon da take zubawa a tanki. Ɗauki shanu goma, kowace tana ba da lita goma. Tara suna kan 100,000, ɗaya tana kan miliyan uku. Madarar da aka haɗa za ta nuna 390,000, kuma sama da kashi uku cikin huɗu na ƙwayoyin daga saniya ɗaya suka fito. Ware madararta kawai, lambar ta koma 100,000 a tatsa ta gaba. Ware madarar yana gyara lamba ne, saniyar tana nan da ciwonta, amma yana ba ka sarari ka yi tunani.

Masu sarrafa madara suna da dalilin damuwa. Madara mai yawan ƙwayoyin jiki sukarinta yana raguwa, gishirinta yana ƙaruwa, furotin ɗin da ke daskarewa ya zama cuku yana lalacewa, kuma ko an dafa ta ba ta daɗewa kamar lafiyayya. Kai kuma asararka ta fi yawa a madarar da ba ta fito ba sam. Ƙiyasin da aka saba aiki da shi shi ne, duk lokacin da adadin ya ninka daga 50,000 zuwa sama, babbar saniya tana rasa kusan kashi biyu cikin uku na lita a rana, mai haihuwar fari kuma rabin haka. Daga 50,000 zuwa 800,000 adadin ya ninka sau huɗu a jere (100,000, 200,000, 400,000, 800,000), sama da lita biyu da rabi ke nan kullum daga saniyar da kake gani lafiyayya.

8. WATA DA WATA

A nan littafi ke biyan wahalar rubuta shi. Lamba ɗaya ba ta yanke hukunci. Jera sakamakon watan jiya da na wannan wata, ka ɗauki 200,000 a matsayin iyaka (ko maki 1 idan faranti kake amfani da shi), kowace saniya za ta faɗa ɗaya daga gida huɗu: ƙasa jiya ƙasa yau, lafiyayya, ƙasa jiya sama yau, sabon kamu, sama jiya sama yau, tsohon ciwo, sama jiya ƙasa yau, ta warke.

Sababbin kamu su ne ke gaya maka halin da aikinka yake ciki yanzu. Idan fiye da ɗaya cikin goma na lafiyayyun shanu suna tsallaka iyaka kowane wata, akwai ƙofar da ke buɗe. Dubi su waye. Idan masu sabuwar haihuwa ne suka fi yawa, matsalar tana wurin da suka yi hutun tatsa ko wurin haihuwa. Idan a warwatse suke, kuma masu tsohon ciwo suna ƙaruwa wata bayan wata, ciwon yana yaɗuwa ne lokacin tatsa. Idan kuwa lambobi suna tashi kwatsam su sauka, musamman lokacin da makwanci ya jiƙe, daga ƙazantar wurin kwanciya ne.

9. KA SAN WACE ƘWAYAR CUTA CE

Ƙidaya tana cewa akwai faɗa a cikin hantsa, ba ta faɗin da wa ake yi. Saniyar da ta yi sama sau biyu a jere, a ɗauki samfurin sashen da faranti ya nuna a kai a shuka shi a ɗakin gwaji, wato a bar ƙwayoyin cutar da ke cikinsa su tsiro don a gane irinsu. Wannan samfur yana son tsabta fiye da duk abin da ka yi a baya, domin ƙura ɗaya daga gashin hantsa ta isa ta ɓata shi.

Tsoma kan nonon a magani, bar shi daƙiƙa talatin, goge ya bushe. Matso zubi uku ka zubar. Goge bakin nonon da auduga mai sipirit, ka canza auduga har sai ta fito fara. Idan nonuwa da yawa za ka ɗauka, fara goge na nesa da kai ka ƙare da na kusa, wajen ɗiba kuma fara da na kusa, don kada hannunka ya shafi wanda ka riga ka goge. Buɗe kwalbar a ƙarshe, riƙe ta a karkace don kada datti ya faɗa, kada bakinta ya taɓa nono, kada yatsa ya taɓa cikin murfi. Zubi biyu ko uku sun isa. Rufe, rubuta lamba da sashe da kwanan wata, sa a ƙanƙara. Wannan, saɓanin samfurin ƙidaya, ana iya daskarar da shi idan ba za a kai cikin kwana ɗaya ko biyu ba. A ɗauka kafin a sa kowane irin magani.

Idan sakamako ya dawo babu abin da ya tsiro, ba lallai ɗakin gwajin ne suka yi sakaci ba. Irin ƙwayar cutar da ake kira Staphylococcus aureus, misali, yau ya fito a madara gobe ya ɓuya. A sake ɗauka bayan 'yan kwanaki.

10. HUKUNCI A KAN SANIYA

Kada ka ga maki 2 ka ruga sayen magani. Ɗura maganin kashe ƙwayoyin cuta a duk nonon da faranti ya nuna asarar kuɗi ce da asarar madara, kuma yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Abin da za a yi ya danganta da abin da aka samu, kuma da likita ake yanke shi.

Streptococcus agalactiae galibi a cikin hantsa yake rayuwa, yana yaɗuwa da sauri, amma yana jin magani sosai, don haka shi kam ana yi masa magani ko ana cikin tatsa. Staphylococcus aureus yana gina wa kansa maɓoya a cikin naman hantsa. A matashiyar saniya da ta kamu kwanan nan a sashe ɗaya, akwai fata. A tsohuwa mai sassa biyu ko uku da suka yi watanni a sama, da wuya magani ya ci, kuma ra'ayina shi ne a fitar da ita daga garke ko da tana cikin masu yawan madara, domin kowace tatsa tana raba ciwon ga 'yan'uwanta. Mycoplasma ba shi da maganin da ke aiki, sai warewa ko fitarwa. E. coli da Streptococcus uberis daga kashin shanu da jiƙaƙƙen makwanci suke zuwa, gyaran wurin ne babban maganinsu.

Duk wadda aka yi wa magani a ɗaura mata alama a ƙafa ko wutsiya, a zubar da madararta ta sassa huɗun duka har kwanakin da aka rubuta a jikin maganin su cika. Kada kuma ka sake gwada ta bayan kwana uku ka ce magani bai yi ba. Ƙwayoyin jiki sukan ɗauki sati biyu zuwa uku, wani lokaci fiye, kafin su sauka bayan ƙwayoyin cutar sun mutu.

Saniya mai tsohon ciwo da ta kusa hutu, lokacin hutun ne ya fi dacewa da magani. Bayan tatsar ƙarshe a ɗura maganin hutu mai daɗewa a hantsa, in akwai abin toshe ƙofar nono a bi da shi, ta huta kwana 45 zuwa 60.

11. RUFE ƘOFAR DA CIWO KE SHIGA

Tun shekarun 1960 masu bincike a Ingila suka tsara matakai biyar da har yau ake bi: tsoma kan nono bayan kowace tatsa, maganin hutu, saurin magance ciwon da ya bayyana tare da rubuta shi, fitar da masu ciwon da ya ƙi ji, da kula da injin tatsa. A cikinsu tsomawa ce ta fi arha kuma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Maganin ya rufe dukan kan nonon har sama, kowane nono, kowace tatsa. Ƙofar nono takan zauna a buɗe kamar rabin sa'a ko fiye bayan tatsa, don haka a zuba musu abinci nan take su ci a tsaye, kada su je su kwanta a kan kashi.

Littafinka ne zai tsara layin tatsa: masu haihuwar fari da lafiyayyu a gaba, sababbin da ba a tantance ba a tsakiya, masu yawan ƙwayoyi a ƙarshe. Ƙyalle ɗaya kada ya taɓa shanu biyu. Mai tatsa da hannu kada ya jiƙa hannunsa da madara don ya yi santsi, ya kuma wanke safarsa tsakanin saniya da saniya. Mai inji ya canza robar da ke kama nono bayan kimanin tatsa 2,500, kuma ya cire injin da zarar madara ta tsaya. Idan ka ga bakin nonuwa ya yi zobe mai kaushi da tsagewa, injin yana daɗewa ko ƙarfin zuƙarsa ya yi yawa, kuma a cikin waɗannan tsagun ƙwayoyin cuta ke zama.

Saniyar da ta dawo daga hutu, gwada ta da faranti a kwana na biyar bayan haihuwa, ka buɗe shafinta ka kwatanta da makin da ta tafi hutu da shi. Idan ta tafi da maki 2 ta dawo babu, maganin hutu ya yi aiki, ta koma sahun gaba. Idan ta tafi lafiya ta dawo da ciwo, je ka duba inda ta kwana a waɗannan makonni. Idan kuma sashen da ya tafi da ciwo shi ne ya dawo da shi, to ta shiga jerin waɗanda za ku zauna da likita a kansu.